Kuɗi A Hannu Ko Magani A Asibiti: Wanne Ya Fi Wa Talakan Neja?

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san irin wayar nan mai shigowa da tsakar dare. Daga gida ne, mace tana naƙuda, an kai ta asibiti a Minna, likita ya ce sai an yi aiki, a aiko da kuɗi kafin gari ya waye. Mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya kan taɓa uwar kuɗinsa, wani lokaci har ya ci bashi. Ba shi kaɗai ba ne, gama kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa wajen neman lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa.

Hanyoyi biyu ake muhawara a kansu don rage wa talaka wannan nauyi. Ta farko ita ce gwamnati ta ba mutum takardar biya ko wani ƙayyadadden kuɗi ya je ya nemi magani, abin da ya haura ya cika da kansa. Ta biyu kuwa ita ce gwamnati ta lissafa waɗansu ayyukan asibiti ta ɗauki alkawarinsu, duk wanda aka rubuta sunansa a yi masa su ba tare da ya biya ba.

Jihar Neja ta ɗanɗana duka biyun. A 2008 tana cikin jihohi shida da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta fara duba mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a waɗansu ƙananan hukumomi, da kuɗin da aka samu bayan yafe wa Nijeriya bashi. A 2013 kuma shirin SURE-P, wanda aka kafa da rarar tallafin man fetur, ya shiga ba mai ciki har Naira 5,000 kashi-kashi in ta je awo, ta haihu a asibiti, ta kuma kai jariri rigakafi. Dukkansu biyu sun tsaya a 2015.

Masu goyon bayan hanya ta farko suna cewa gwamnati ta san abin da za ta kashe tun daga farko, kuma taimakon yana isa hannun mai shi kai tsaye. Sun ce in takardar biya ce, mace tana da zaɓi, asibitin da bai kula da ita ba sai ta kai takardarta wani. Ƙasar Kenya ta gwada irin wannan takarda ta haihuwa daga 2006.

Masu suka kuwa suna cewa ciwo ba ya san ƙayyadadden kuɗi. Naira 5,000 ta isa kuɗin mota da ɗan abin hannu, amma in haihuwa ta gardama aka ce sai aiki da ƙarin jini, nauyin ya koma kan miji da 'yan uwansa da ke Kudu. Kenya ɗin ma a 2013 ta mai da haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati.

Sai dai alkawari kaya ne. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta shelanta magani kyauta ga ƙananan yara da masu haihuwa ta hanyar aiki a wajen 2006, amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci har bashi ya taru, magani ya yanke a wurare da dama. Watau kyautar da babu kuɗi a bayanta tana ƙarewa ne da takarda a hannun majiyyaci, a ce ya je kemis ya saya.

Saboda haka ne Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko. Ba a sa shi cikin kasafi ba sai 2018, inda aka ware kimanin Naira biliyan 55, kuma Neja na cikin jihohi uku da aka fara gwada shi, tare da Abiya da Osun. A 2022 wata doka ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma kafa asusu don marasa galihu. A Neja hukumar NiCare, mai hedkwata a Minna, ita ke rubuta sunayen jama'a.

Abin da tarihin shekarun nan ya nuna shi ne, shirin da ya rataya a wuyan gwamnati mai ci yana tafiya tare da ita, wanda doka ta kafa kuwa ana iya tsayawa a nemi haƙƙinsa. To, wanda ke aika kuɗi gida duk wata, ya kyautu in ya je ganin gida ya tambaya a asibitin gundumarsu ko ana rubuta suna, nawa ne kuɗin shekara, waɗanne cututtuka ne ke ciki, kuma shin aikin haihuwa da jini suna ciki. Gara a san amsar da rana tsaka da a neme ta a waya cikin dare. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.