Ramin Ƙarshe a Carnoustie

A watan Yulin 1999 aka yi gasar golf ta British Open a filin Carnoustie da ke bakin teku a Sikotlan. Masu shirya gasar sun tsuke hanyoyin da ƙwallo ke bi zuwa rami, suka bar ciyawar gefe ta yi duhu, wani wurin har gwiwa, ga iskar teku ba ta sassautawa. A golf mai ƙarancin bugu shi ke cin gasa, kuma abin da aka ƙayyade wa filin bugu 71 ne a rana. Sergio Garcia na Sifaniya, ɗan shekara 19 da ake ji da shi, ya yi 89 a ranar farko, ya fito yana kuka a jikin mahaifiyarsa. Ni a ganina, an wuce gona da iri wajen tsananta filin.

Wani Bafaranshe da ba a san shi sosai ba, Jean van de Velde, shi ne ya iya da wurin. Ya iso rami na ƙarshe a ranar ƙarshe ta gasar yana gaba da bugu uku. Ko shida ya yi a ramin da aka ƙayyade wa huɗu, kofi nasa ne, kuma rabon Faransa da shi tun 1907.

Bugun farko ya kauce dama amma ya tsira. Na biyu ya daki ƙarfen rumfar 'yan kallo, ya dawo baya ya nutse cikin ciyawa. Na uku ya faɗa rafin Barry Burn da ya ratsa gaban ramin. Sai ga mutumin ya tuɓe takalma da safa, ya naɗe wando, ya shiga ruwa yana duban ƙwallon, ruwan kuma yana ƙaruwa. Daga bisani ya haƙura, ya karɓi tarar bugu ɗaya. Na biyar ya sauka ramin yashi, na shida ya fito da ƙwallon daga ciki. Jama'a na yi masa dariya har yau, suna mantawa da cewa da zuciyarsa ta gama karyewa, ba zai iya jefa na bakwai cikin rami ba. Ya jefa shi, aka yi kunnen doki tsakanin mutum uku a kan bugu 290.

Aka ƙara ramuka huɗu don raba gardama. Paul Lawrie, ɗan Sikotlan da ya fara ranar yana baya da bugu goma, ya doke Van de Velde da Justin Leonard na Amurka ya ɗauki kofin. Van de Velde bai taɓa cin ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na golf ba har ya manyanta.