Jiƙon wake da rogo: abin da ruwa ke cirewa da abin da ya fi ƙarfinsa

Saƙon murya biyu ne suka shigo wayar ƙanwata a mako guda. Na farko ya ce duk matar da ta jiƙa wake ya kwana, ta zubar da ruwan, to amfaninsa ta zubar, dusa kawai take ba 'ya'yanta. Na biyu ya ce a jiƙa shi a ruwan gishiri, maganin ƙwarin da 'yan kasuwa suka zuba masa zai fita tas. Ta kira ni ta ce, "Yaya, wanne zan bi?" Na ce mata ko ɗaya, amma na biyun ya fi tayar min da hankali.

Maganar zubar da amfani ba ta da ƙarfi. Sinadarin gina jiki da muke nema a wake yana cikin ƙwayar, kuma kwana ɗaya a ruwa ba ya fitar da shi. Gaskiya ne ɗan bitamin B da ɗan ma'adinai suna bin ruwan, amma tare da su wani ɓangare na sukarin nan da hanjinmu ba ya iya narkarwa yake fita, wanda shi ke kawo kumburin ciki da iska bayan an ci garau-garau. Haka kuma jiƙo yana rage wani sinadari mai suna fitet, mai hana jiki zuƙar ƙarfe daga abinci. Ga saurin nuna, ga sauƙin gas ko itace. Awa shida zuwa takwas ta wadatar. A zafin Afrilu, idan ya wuce haka za a ga kumfa a saman roba, ya fara tsami.

Batun maganin ƙwari kuwa, a nan haɗarin yake. Zuba fiya-fiya a buhun wake don kada ƙwaro ya huda shi ba jita-jita ba ce. Sinadarin da ke cikinta, dichlorvos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Wanki da surfe, irin wanda ake yi idan za a yi ƙosai ko alale, suna rage abin da ke bayan ƙwayar, amma babu ruwan gishirin da zai ba ki tabbacin cewa gubar ta ƙare, musamman idan an zuba da yawa. Idan kika buɗe leda kika ji wari mai hawa kai, mayar wa mai sayarwar da kayansa. Abin takaicin shi ne akwai mafita tun tuni: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da magani ba. Gyada da masarar da suka yi fumfuna ma wanki ba ya tsarkake su, domin gubar aflatoksin ba ta jin jiƙo, ba ta jin dahuwa.

Kanwa fa? Tana laushe wake, wannan gaskiya ne, iyayenmu ba su yi ƙarya ba. Sai dai tana lalata bitamin B1, kuma tana ɗauke da sodiyam, wanda mai hawan jini ba ya buƙatar ƙari. Waken da ya jiƙu sosai ba ya ma neman ta, ko ya nema ɗan ƙanƙani ne.

Inda jiƙo yake ceton rai shi ne rogo mai ɗaci. Yana da sinadarin da ke rikiɗa ya zama gubar sayanaid, kuma feraye shi a jiƙa kwana uku zuwa huɗu har ya yi laushi, sannan a matse a shanya, shi ke fitar da ita. Masu cewa kwana ɗaya ya isa idan an dafa da kyau suna wasa da wuta. A lardin Nampula na Mozambik, a farin 1981, yunwa ta sa mutane suka gajarta wannan aiki, cutar konzo ta ɓarke, mata da yara da yawa suka wayi gari ƙafafunsu sun sandare, kuma shanyewar ba ta warkewa.

A jiƙon nama da kayan haɗi kuma, lemon tsami da yaji ba sa wuce bayan tsoka, gishiri ne ke ratsawa ciki idan an ba shi lokaci. Duk waɗannan ba sa kashe ƙwayoyin cuta gaba ɗaya, don haka naman da aka cuɗa aka bari a kan tebur yini guda cikin zafi ya shiga haɗari, a firji ake ajiye shi. Ganyen gwanda da ɗanyar citta suna laushe nama da gaske, domin suna da sinadarin da ke sassauta tsoka. Masu jefa farasitamol a tukunyar ganda don ta yi saurin nuna kuwa, hukumar NAFDAC ta gargaɗe su, saboda hanta da ƙodar mai ci ne ke biyan kuɗin itacen da suka yi tsiminsa.

Ƙanwata ta koma jiƙa wakenta bayan sallar isha'i ta dafa da safe, kuma ta sauya mai awon da take saye a wurinsa, tun ranar da ta sunsuna mudun ta ji warin magani.