In injin jirgin sama ya mutu, wace gona ce mafita?

A 1988 da 2004 fara ta auka wa Nijar. Ƙananan jiragen sama sun yi ta feshin magani bisa gonaki da makiyaya. Irin wannan jirgi injinsa ɗaya ne. In ya mutu a sama, yaya ke nan?

Jirgin ba ya faɗowa kamar dutse. Fikafikansa na riƙe shi, yana gangarowa sannu sannu kamar shirwa. In yana sama da mita 1000, yana iya cin kilomita 8 ko 9 kafin ya taɓa ƙasa. Cikin ƴan mintocin nan matuƙi zai zaɓi gona.

Da farko yana duba iska. Jirgi na sauka ne yana fuskantar iska, don ta rage masa gudu. Hayaƙin gari da ƙura su ke nuna masa inda take fitowa. Da hunturu daga arewa maso gabas take, da damina kuwa daga kudu maso yamma.

Sai tsawon fili. Yana son mita 400 ko 500 a miƙe, ba gawo, ba suri, ba rijiya, ba wayar lantarki.

Sai ƙasar kanta. Fako, wanda manomi ke ƙi don ba ya ba da hatsi, shi ne abin son matuƙi: tauri gare shi, kuma a baje yake. Rairayin tudu na kama ƙafa, jirgi ya kife. Fadama da damina laka ce. Gonar gyaɗa ko ta wake ta fi ta hatsin da ya yi kai, don dogon kara na ɓoye kututture da rami. In gona na da kunya, yana bin tsawon kunyar, ba ya gicciye ta.

Mutanen gari ma da nasu aikin. In an ga jirgi ya yi shiru yana yin ƙasa, a janye yara da bisashe daga fili. In ya tsaya, kada a kusanci farfelarsa. Kada a kawo wuta ko taba, akwai mai. In na feshi ne, kada a taɓa ruwan da ya zuba, guba ne. A taimaki masu rauni, a aika wa mai gari da jandarma.

Shukar da jirgi ya take, baɗi a sake ta. Rai kuwa ba ya da baɗi.