Ba Kowane Zafin Jiki Ne Zazzabin Sauro Ba

Manomin da ya san gonarsa, idan ya ga ganyen masara ya yi ɗorawa, ba ya rugawa sayen taki nan da nan. Yakan durƙusa ya duba. Wataƙila rashin taki ne, wataƙila ruwa ne ya kwanta a gindi, wataƙila kuwa ƙuduji ne yake tsotsonta ta saiwa. Alama ɗaya, amma dalili uku. To, 'yan'uwa, me ya sa idan jikin yaro ya yi zafi sai mu ce zazzabin sauro ne, mu aika kemis, ba tare da mun duba ba?

A yawon da muke yi wajen ƙungiyoyinku mun ga wannan sau da dama. Cikin marka, lokacin da kowa yake gona, mun sauka a wani gida muka tarar da yarinya 'yar wata tara kwance a tabarma. Kwana uku ke nan ana ba ta maganin zazzabi. Kakarta ta ce mana, "Malam, haƙori ne, haka ubanta ya yi." Muka ce, "Kaka, ki yarda mu ɗaga rigarta mu duba." Muka ƙirga numfashinta, ya kai 62 cikin minti ɗaya. Aka goya ta a babur zuwa ɗakin shan magani. Gwajin jini bai nuna zazzabin sauro ba. Ciwon huhu ne, wanda wasu ke kira sanyin haƙarƙari ko limoniya. Ta warke, amma da an ƙara kwana biyu, Allah kaɗai ya san labarin da za mu ba ku yau.

Wannan ciwo ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta cewa a 2019 ya kashe yara fiye da 700,000 waɗanda ba su kai shekara biyar ba. Shi da zazzabin sauro sukan fara da kama ɗaya: zafin jiki, kasala, ƙin abinci. Amma maganinsu dabam ne. Maganin zazzabi ba ya taɓa ƙwayar cutar da ke cikin huhu ko kaɗan.

Ƙirga numfashi ba sai wanda ya yi makaranta mai zurfi ba. Abin da ake bukata shi ne agogo, ko na hannu ko na waya. A bari yaro ya yi shiru a cinyar uwarsa, gama mai kuka ba ya ƙirguwa. A ɗaga riga, a zuba ido ga ciki ko ƙirji. Tashi da sauka ɗaya ke nan. A ƙirga har minti ɗaya cur, kada a ƙirga rabi a ninka. Jaririn da bai kai wata biyu ba, idan ya kai 60, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Yaro mai tari wanda ya kai wannan adadi, a kai shi wurin malamin asibiti a ranar, ba gobe ba.

Sa'an nan a dubi ƙasan ƙirji, inda haƙarƙari ya ƙare. Idan yaro mai lafiya ya ja numfashi, ƙirji da ciki sukan taso tare. Idan kuwa wurin yana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja, huhu yana wahala. Maganin da aka saba bayarwa shi ne amoksisilin, sau biyu a rana, yawanci har kwana biyar. Sai a shanye duka. Mun san dabarar nan ta ɓoye saura domin ƙanensa, da zarar yaro ya fara wasa. Kamar barin maimai ne domin an ga gona ta yi kyau bayan noman fari.

Kada wani ya ɗauka muna raina zazzabin sauro. Da damina shi ne babban maƙiyi. Abin da muke cewa shi ne a gwada tukuna. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an san gaskiya. Idan ya nuna, maganin yanzu irin su Coartem sha shida ne cikin kwana uku, a haɗa da nono ko abinci. Kulorokwin ɗin da iyayenmu suka sani, Nijeriya ta bar dogara da shi tun 2005, domin ƙwayar cutar ta saba da shi. Yaro kuma yana iya kamuwa da cututtukan biyu a lokaci guda, saboda haka ko gwaji ya nuna, a ƙirga numfashi.

Akwai alamu huɗu waɗanda ba a jiran shawarar kowa a kansu. Yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa. Yana amai da duk abin da ya shiga bakinsa. Yana taune-taune. Ya yi laushi, ana tashinsa ba ya tashi sosai. Ko tsakar dare ne, ko ana ruwa, a tafi asibiti. Haka nan jaririn da bai kai wata biyu ba, in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau. Ba lokacin tsaga ko cire beli ba ne. Jinin da zai zuba, yaron yana bukatarsa.

Nan ne maganar ta zo kanku, 'yan ƙungiya. Mata da yawa sun faɗa mana sun ga yaro ba daidai ba tun da safe, amma maigida yana gona mai nisa, ba kuɗin babur a hannu, ba kuma izinin fita. Watan Agusta ne, rumbu ya yi ƙasa, ba abin sayarwa. Ku da kuke tara kuɗin taki da iri, ba zai gagare ku ku ware ɗan asusu domin kai yaro asibiti ba, a biya da kaka. A ajiye shi hannun mace wadda take cikin gari kullum, ba hannun ma'ajin da ke kwana a gona ba. Magidanta kuma su faɗa wa matansu tun yau, a gaban iyaye, cewa in sun ga waɗannan alamu su tafi, kada su jira.

A taron wata mai zuwa za mu bi ƙungiyoyi ɗaya ɗaya tare da malamin asibiti. Kowace uwa ta zo da goyonta da katin rigakafinsa, gama tun 2014 aka fara sa allurar ciwon huhu cikin rigakafin yara a Nijeriya, muna so mu ga wanda bai samu ba. Masu agogo su zo da shi. Za mu fara koyon ƙirga a jikin yara masu lafiya.