Wa Ke Dafa Biriyani a Gashuwa?

Daga Dapchi zuwa Bayamari, a karya a nufi Gashuwa, a miƙe har Nguru, gidajen abinci ba su ƙirguwa: tuwo da miyar kuka, burabusko, dafa-duka, gasasshen kifi. Amma ban taɓa cin karo da allon da ya ce a nan ake sayar da abincin Indiya ko na Pakistan ba.  Duk da haka akwai biriyani a yankin nan, na gaske, wanda mai shi ya ci ya shaida.

Mai shaidar wani injiniya ne ɗan Karachi da ya zo Dapchi aikin burtsatse mai amfani da hasken rana. Bawan Allah ya daɗe yana rayuwa a kan shayi da burodi da wainar ƙwai, har ya fara zabgewa. Rannan direban ɗan kwangila ya dawo daga Gashuwa da kula, ya ce saƙo ne ga baƙo. Da aka buɗe, ƙamshi ya cika ɗakin. Shinkafa ce dogaye, wara-wara, wani sashe fari, wani ruwan ɗorawa, ga naman akuya da dankalin Turawa a binne a ƙasa. Injiniya ya ce dankalin nan shi ne shaida, haka mutanen Karachi ke yin nasu. Can cikin ci sai cokali ya tono wani baƙin abu mai kamar goruba ƙarama. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce busasshen lemun tsami ne, kuma a gidansu ba a sa shi.

To wa ya dafa? Direba ya ce shi dai ogansa ya umarce shi ya tsaya a tasha, wani yaro ya miƙo masa kula, ya tafi. Ogan kuma matarsa ce ta shirya komai ta waya da wata ƙawar ƙawarta. Abin ya tsaya mini a rai, domin idan akwai mai irin wannan hannu a kusa da mu, bai kamata a ce ba a san da shi ba.

Na fara da masu gidajen abinci a Gashuwa. Na kwatanta musu, kowa ya kawo mini soyayyiyar shinkafa mai garin kori da karas, ya ce ita ce. Ba ita ba ce. Wata mai abinci ta kama bakin zaren da kanta, ta ce, "Malam, shinkafar da kake faɗa ba ta fadamarmu ba ce. Tamu gajera ce mai danƙo, ta tuwo da waina. Waccan basmati ce, kuɗinta ba zai bari in sa ta a tukunyar sayarwa ba." Gashuwa garin shinkafa ne, kogin Yobe na shayar da fadamunta, don haka duk wanda ya tsallake ta gida ya sayi basmati, to da gangan ya yi, kuma ya san abin da yake nema.

Abokaina suka ce ai fim ne. Hausawa na kallon fina-finan Indiya tun shekarun 1960, lokacin da 'yan Labanan masu gidajen silima ke shigo da su, yau kuma ga fassarar Algaita a kowace waya. Ban gamsu ba. Fim ya ba mu waƙa da rawa da sunayen Amitabh Bachchan da Shah Rukh Khan, amma ba ya nuna wa mace lokacin da za ta tsame shinkafa daga tafasasshen ruwa. Mun saba jingina duk abin da ya yi kama da Indiya ga fim, shi ya sa ba ma ganin sauran hanyoyin.

Hanya ta biyu ta fi kama hankali. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 makarantun sakandaren Arewa cike suke da malaman lissafi da kimiyya 'yan Indiya da Pakistan, yawancinsu suka tattara suka koma bayan darajar naira ta faɗi daga 1986. Wani dattijon malami da ya yi ritaya ya ba ni labarin yadda matar malaminsu na kimiyya ke aiko musu da gurasarsu ta capati ranar salla. Sai dai ya ce matan nan ba su cika shiga gari ba, girkinsu ya tafi tare da su. Ko da ma wata ta koya a hannunsu, baƙin lemun nan bai da gurbi a labarin.

Shi lemun ne ya buɗe ƙofa. Wani alhaji da ya sha zuwa umara ya ji kwatancena ya ce wannan ai na Larabawa ne, shi ake jefawa a kabsa, shinkafar Saudiyya. Wato girkin Karachi ne da ya biyo ta ƙasar Larabawa kafin ya iso mu. Kuma ba abin mamaki ba ne: Indiyawa da 'yan Pakistan da ke zaune a Saudiyya miliyoyi ne, kuma Saudiyya na cikin manyan masu sayen basmatin Indiya. Duk alhajin da ya ci abinci a lungunan Makka, da wuya a ce bai ci daga hannun ɗan Pakistan ko ɗan Bangladesh ba.

Saura a gano mai sayen lemun. Na tafi Nguru, garin da layin dogo daga Kano ya iso a 1930 ya mai da shi matattarar fatake, na zauna wurin wani tsoho mai sayar da kayan ƙamshi. Kanumfari da citta da kimba da masoro kowa na saye, in ji shi, amma hel da kirfa da baƙin lemu masu nemansu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, daga Kano yake saro su kaɗan-kaɗan. Na ce, "Baba, akwai mai haɗa ukun nan a saye ɗaya?" Ya yi murmushi ya ce, "Hajiyar Gashuwa kake nema. Jikanta ke zuwa."

Dattijuwa ce, ta yi shekaru a Jidda da mijinta kafin ya rasu ta dawo gida. Na same ta a tsakar gida tana aikin wani biki, ta ce, "Zauna, ɗana, ka gani da idonka." Naman ya kwana cikin kindirmo da tafarnuwa da citta da barkono. Ta soya albasa a man shanu har ta yi ja ta bushe. Ta zuba shinkafa a ruwan da ke tafasa, ba ta matsa ko'ina ba, tana ɗauko ƙwaya tana murzawa tsakanin yatsu, da ta ji saura ɗan tauri a tsakiya sai ta tsame. Ta jera nama da dankali a ƙasan tukunya, shinkafa a kai, albasa da na'a-na'a da ruwan kurkum a sama, ta liƙe bakin murfi da kwaɓaɓɓiyar fulawa, ta janye itace, ta ɗora garwashi a kan murfin.

Ina kallonta na lura cewa in ban da shinkafar da kayan ƙamshi uku, komai na gida ne. Man shanunmu shi ne man da Indiyawa ke taƙama da shi, kindirmo kuma nonon da suke jiƙa nama da shi. Dangantakar ta girmi kowa: gero daga Sahel ya tafi Indiya shekaru dubbai da suka wuce, har yau gurasarsa ake ci a Rajastan, darbejiyar da muke zaune a inuwarta kuwa itaciyar Indiya ce da aka fara dasawa a lardin Barno a 1928.

Na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta buɗe shago ba. Ta ce biriyani ba ya jiran mai saye, in ya huce ya mutu, kuma mutum nawa ne a Gashuwa za su biya kuɗin basmati kullum? Sai dai a aiko tun ana gobe, a faɗi yawan masu ci, a ba da kuɗin cefane. Ba ta da allo, matan gari ne ke yaɗa labarinta a gidajen biki da suna.

Wadda ta koya mata maƙwabciyarta ce a Jidda, matar wani tela ɗan Karachi, da ke dafa wa gidajen Larabawa abinci a biya ta. Hajiya ke taya ta yankan albasa da wanke tukwane, a nan ta ɗauki hannu. Na ce, "Hajiya, to lemun fa? Baƙonmu ya ce ba a sa shi a Karachi." Ta ce gaskiya ya faɗa, ita ma maƙwabciyar in za ta dafa na gidanta ba ta sawa. Larabawan da ke biyanta ne ba sa jin shinkafa ta yi sai da shi, ita kuma Hajiya a tukunyar Larabawan ta koya.