Wa Zai Biya Ɗan Dambe Kuɗin Hutu?

A ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa babu wata hukuma da ta taɓa zama ta tsara wa dambe lokacinsa. Damina ce ta tsara shi. Daga saukar ruwan shuka har a karya masara, a yanke dawa, a ɗebe auduga, ba a jin kalangun dambe a gari irin Mairuwa da ke bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, domin ɗan damben kansa yana gona, ko yana bakin tukubarsa idan ɗan mahauta ne. Sai kaka ta yi, manomi ya sami abin liƙi a aljihu, sannan Sarkin Dambe ya tara yaransa da makaɗa a shiga yawon gari-gari. Ba wai noma hutu ba ne, wanda ya taɓa yin huɗa da garma ya sani. Amma a watannin nan biyar ko shida babu mai kai wa muƙamuƙinsa naushi. Yatsan da ya goce yana komawa mazauninsa, kan da ya sha bugu yana sararawa. A irin wannan tsari aka yi su Shago da Ɗandunawa, waɗanda kiɗan Ɗan Anace ya sa har gobe ake ambatonsu.

Wannan tsari ya tafi. Yanzu akwai gidajen dambe na dindindin, masu shinge da mai yankar tikiti a ƙofa, a Dei-Dei da Mararaba da ke kewayen Abuja, a Kano, a Legas da wasu biranen kudu. Ana sa zare rani da damina, yamma bayan yamma, ranar Lahadi ma har da na safe. Yaron da ya tashi a ƙauyukan kudancin Katsina yana da ƙarin dalilin barin gida wanda kakansa bai sani ba. Taron dare ya zama abin tsoro tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, kuma a ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan uku. Matakin tsaro ne, amma wanda ya san cewa dambe wasan mahauta ne tun asali zai gane inda ya taɓa. Idan babu karar shanu babu fawa, idan babu fawa me zai riƙe ɗan Rundawa a gida? Sai ya ɗauki zarensa da layunsa ya nufi inda ake biya.

Yadda ake biyan shi ne tushen matsalar. Ɗan dambe ba ya da albashi. Abin da zai samu ya dogara da shigarsa fili: ɗan abin da mai gida zai ba shi, liƙin 'yan kallo idan ya yi kisa, sai kuma gasa ta babur ko ta mota da ake sakawa lokaci zuwa lokaci tsakanin ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramaɗa. Ranar da bai ɗaure hannu ba, ranar bai ci ba. Saboda haka wanda aka buge jiya har ƙafafunsa suka harɗe, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, yau za ka gan shi a tunga ana naɗa masa zare. Ya sa tsumma a dunƙulallen hannun, wani yana jan igiyar da ƙarfi har jijiyoyin damtse su fito, yana taunar leɓe saboda ƙashin bayan hannun bai gama ɗoruwa ba. Makaɗi ya hango shi ya sako takensa. Daga nan babu sauran maganar ciwo, domin ɗan damben da aka kira da kalangu ya ƙi fitowa ya zubar da sunan ubangidansa da na ɓangarensa duka.

Yanzu kuɗin waje sun fara leƙowa. Bidiyon dambe yana tara miliyoyin masu kallo a YouTube. Kamfanin African Warriors na Maxwell Kalu ya shirya gasa a Katsina a farkon 2024 inda wani Bature ɗan Liverpool, Luke Leyland, ya ɗaura zare, kuma a 2025 kamfanin ya ƙulla yarjejeniyar nuna dambe da tashar DAZN mai watsa wasanni a duniya. Takardar kwantiragi ta shigo dambe ke nan. Kafin 'yan wasanmu su fara dangwala hannu a kanta, yana da kyau a leƙa wani wasa da ya riga mu shiga wannan rigima da shekara 30.

Zari-ruga nake nufi, wasan da mutum 15 ke karo da mutum 15 na minti 80, ƙarti masu nauyin buhun masara da ɗoriya suna gwabza kafaɗa da kai a guje. Har zuwa Agustan 1995 haramun ne a biya ɗan wasan zari-ruga albashi. Malamin makaranta ne ko manomi ko ɗan sanda, ya yi atisaye da yamma ya buga ranar Asabar. Da aka halatta biya sai wasanni suka ninka, jikuna suka ƙara girma, karo ya ƙara muni. Babbar gasar Faransa kaɗai tana da mako 26 kafin a kai zagayen ƙarshe, ga gasar Turai, ga wasannin ƙasa. Kuma Faransa da Japan ne ke da kuɗi, yayin da ƙasashen da suka fi iya wasan, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, ba za su iya biyan abin da ake biya a can ba.

Niyu Zilan ta ce wanda duk ya tafi waje ya sallama baƙar rigar ƙasa. Da ta ga manyanta za su tsere duk da haka, sai ta ɓullo da wata dabara: a cikin kwantiragin babban ɗan wasa a rubuta masa watanni da zai bar gida, ya huta ko ya je ya buga a waje, sannan ya dawo rigarsa na jiransa. Abin da mutum biyu suka yi da wannan dama ya ishi mai nazari. Dan Carter ya tafi Perpignan ta Faransa a ƙarshen 2008 a kan kuɗi masu kauri. A wasansa na biyar, a Janairun 2009, jijiyar agararsa ta tsinke, ya kwashe watanni yana jinya. Richie McCaw kuwa ya ajiye takalmi gaba ɗaya a farkon 2013, ya yi wajen wata shida bai yi karo da kowa ba, ya dawo ya ja ragamar ƙasarsa ta sake ɗaukar Kofin Duniya a 2015, ya yi ritaya da wasa 148 a rigar ƙasa. Kada a ɗauka labarin ya nuna wawa da mai wayo, domin Carter ma yana cikin waɗanda suka ɗaga kofin na 2015, kuma tsinkewar agara na iya samun mutum a ƙofar gidansa. Abin lura shi ne wanne daga cikin biyun aka fi kwaikwaya. Beauden Barrett ya tafi Japan sau biyu, Ardie Savea ya tafi Kobe bayan an zaɓe shi gwarzon duniya na 2023, Jordie Barrett ya tafi Leinster ta ƙasar Ayalan. An ba su hutu sun mai da shi cin rani.

Ni ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya san cewa shekara goma ko sha biyu ne kasuwarsa, kuma rauni ɗaya na iya rufe ta gobe, ba zai zauna yana kallon wata shida na wucewa babu shiga ba, komai yawan abin da ya tara. Idan mai miliyoyi ya kasa, yaya yaron da ya baro Sabuwa da kuɗin mota na bashi, ga uwa da ƙanne suna jiran aike?

Afirka ta Kudu ta bi wata hanya. A 2019 ta soke sharaɗin da ke taƙaita kiran 'yan wasanta na waje, ta bar kulob-kulob na Turai da Japan su ɗauki nauyin albashi, ta ɗauki Kofin Duniya a shekarar, ta maimaita a 2023. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne waɗanda suka tafi Japan, irin su Pieter-Steph du Toit da Malcolm Marx, sun fi samun sararawa, domin gasar can gajera ce, daga Disamba zuwa wajen Mayu. Waɗanda suka zauna gida su ne suka shiga uku: tun 2021 manyan kulob ɗin ƙasar suna buga gasar Turai daga Satumba zuwa Yuni, ƙungiyar ƙasa kuma tana buga tata daga Yuli zuwa Nuwamba, shekara ta zagayo babu gurbin numfashi. Ingila har yanzu tana kan dokar ƙin kiran wanda ke wasa a waje, shi ya sa Jack Willis yake cin kofuna a Toulouse amma ƙasarsa ba ta kiransa. Ashe tafiya waje ba ita ce cutar ba. Abin dubawa shi ne yawan karon da jiki ke sha, da kuma ko akwai mai ƙirga shi.

Ba tausayi ne ya sa hukumomin zari-ruga suka fara ƙirgawa ba, kotu ce. A Disambar 2020 Steve Thompson, wanda ya ɗauki Kofin Duniya da Ingila a 2003, ya fito ya ce likitoci sun tabbatar masa da cutar gushewar tunani yana ɗan shekara 42, kuma ba ya iya tuna wasannin da ya ci kofin da su. Shi da ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa suka shigar da ƙara. A 2021 hukumar wasan ta duniya ta ba da shawarar kada atisayen cikakken karo ya wuce minti 15 a mako. A 2022 ta ce yawancin waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza sai sun yi aƙalla kwana 12 kafin su dawo fili. Ingila ta yanke wa ɗan wasa iyakar wasa 30 a shekara. Damben zamani ya fi haka tsanani: a Amurka wanda alƙali ya tsayar da wasa a kansa yakan sha dakatarwar kwana 30, wanda aka sumar kuma kwana 60.

Dalilin waɗannan kwanaki a jikin mutum yake. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan naushi ya juya kai da ƙarfi sai ta karu da ƙashi, sinadaran da take aiki da su su hargitse, ta shiga kwanaki tana neman ƙarfin gyara kanta. Jiri da amai da ciwon kai da ƙin haske na iya wucewa cikin kwana biyu ko uku alhali gyaran bai kammala ba. Bugu na biyu a wannan tsakani yana sauƙin kayar da mutum, yana kuma daɗewa bai sake shi ba, wani lokaci ya kumbura ƙwaƙwalwar har a rasa rai. Masu kallon dambe sun san alamar ko da ba su san dalilin ba, shi ya sa ake cewa wane yanzu ba ya ɗaukar naushi, da an taɓa shi sai ƙasa. Sai a ce an karya masa asiri. Ga kuma ƙwaya, wadda ba sai na tsaya ɓoye-ɓoye ba: tiramadol yana kashe zafin da ya kamata ya hana mutum shiga fili, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa.

To wa zai ƙirga wa ɗan dambe? Mai gidan dambe ba zai yi don kansa ba. Idan ya zaunar da gwaninsa wata guda, gwanin zai hau mota ya koma gidan wani a Legas ko Kano, 'yan kallo su bi shi. Ƙungiyar zari-ruga ta Niyu Zilan tana lallaɓa ɗan wasanta ne saboda nata ne na shekara huɗu, lalacewarsa asararta ce. Ɗan dambe ba na kowa ba ne, shi ya sa kowa ke morarsa yau ba tare da tunanin baɗi ba. Duk wata doka da za ta ce wanda aka kashe ya zauna, matuƙar ba ta zo da abin sawa a baka ba, a takarda za ta tsaya.

Abin da nake gani mai yiwuwa ƙarami ne, kuma kayan aikinsa suna nan. Duniyar dambe ba ta da faɗi. Shugabannin Kudu da Arewa da Guramaɗa sun san kowane shago da ubangidansa, kuma kisan da aka yi a Dei-Dei da la'asar yana wayar kowa kafin isha'i. Idan ɓangarorin uku da masu gidaje suka yarda cewa wanda ya suma ba za a naɗa masa zare a ko'ina ba sai bayan wata guda, babu inda zai ɓuya. Abin da zai ci a watan kuma sai a cire daga kuɗin ƙofa, kaso kaɗan daga kowane tikiti, a ajiye a hannun shugaban ɓangare kamar adashi. Kamfanonin da ke sayar da hoton dambe ga Turai da Amurka nauyinsu ya fi haka. Suna kawo likita bakin fili ranar gasa, to amma yaron da suka nuna wa duniya ranar Asabar yana iya komawa gidan dambe ranar Talata, kuma kwantiragin da bai hana wannan ba, bai kuma biya shi kuɗin zaman ba, kamfani kaɗai ya tsare. Hukumar wasanni ta Jihar Katsina na iya farawa daga nan: duk mai neman izinin shirya gasa a jihar ya nuna a rubuce kwana nawa wanda aka buge zai zauna, da nawa za a ba shi a kowace rana.