Samarin Gidajen Gem, Ƙarar Hedifon Ba Ita Ce Ingancinsa Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin samarinmu na Abule Egba da Agege da Oko-Oba, kuma na gaji da ganinta ina kawar da kai. Yaro zai yi wata da watanni yana tarin kuɗi, daga tuƙin keke ko tsaron shagon ubangidansa, ya hau BRT ya sauka Ikeja, ya kutsa Computer Village don ya sayi hedifon na buga gem. Mai kaya zai ɗora masa shi a ka, ya jona da waya, ya kunna kiɗa mai dukan ƙirji, ya murɗe sauti har ƙarshe. Kan yaro ya ɗauki rawa, fitilun jikin abin suna walwali ja da shuɗi, sai ya washe baki ya ce, "Kai, wannan akwai wuta!" Nan take ya zaro kuɗi ya biya. Bai gwada makirufo ba, bai duba kan waya ba, bai karɓi rasit ba. Ƙara ya je nema, ƙara kuma aka sayar masa.

Ga wanda bai saba da harkar ba, hedifon dai ƙananan lasifikoki biyu ne da ake ɗorawa a kunne. Na gem yakan zo da makirufo a jikinsa don 'yan wasa su riƙa magana da juna a Call of Duty, PUBG ko Free Fire. Akwai mai waya, akwai mara waya. Bayanin ke nan, mu je ga abin da ya kawo mu.

Maganar da ke yawo a gidajen gem ita ce, wai hedifon da ya fi ƙara da rugugi shi ne orijina, kuma sai ka ƙure sauti sannan za ka ji takun abokin gaba kafin ya harbe ka. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan, kuma tana cin aljihun yaranmu, tana cin kunnuwansu.

Da farko, babu abin da ya fi sauƙi ga mai haɗa jabun kaya irin samar da ƙara. Kowace 'yar lasifika, in aka manna ta da kunne, za ta iya cika kai da amo. Abin da ke da wuya, wanda kamfanonin ƙwarai ke kashe kuɗi a kansa, shi ne tsabtar sauti: a ji siririn sauti daban, matsakaici daban, mai kauri daban, wani bai danne wani ba. Mai jabu ya san ba zai iya wannan ba, shi ya sa yake cika kayansa da rugugin da samari ke kira bes. Daidai yake da mai tsiren da namansa ya kwana, sai ya zabga masa yaji don kada harshe ya gano. Kana jin zafi a baki kana cewa ya yi daɗi, alhali ɗanɗanon naman ne ake ɓoye maka.

Na biyu, shi ɗan wasa ba rugugi yake buƙata ba. Takun sawu, ƙarar sauya harsashi, buɗe ƙofa, muryar abokin wasa, duk suna cikin matsakaici da siririn sauti. Fashewar bam da rurin mota su ne ke cikin mai kauri. To in hedifon ɗinka ya fifita mai kauri, duk sanda bam ya tashi sai ya shafe takun wanda ke lallaɓowa ta bayanka. Ka ƙara sauti don ka ji takun, bam ɗin ma ya ƙaru tare da shi. Ba ka gyara komai ba, wahalar da kunnenka kawai ka yi. Sanin inda sauti ya fito kuwa aikin ƙwaƙwalwa ne: tana auna ɗan bambancin lokaci da na ƙarfi tsakanin abin da ya iso kunnen dama da na hagu, bambancin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Abin da wannan ke buƙata shi ne lasifikoki biyu masu daidaito da juna. Ƙara ba ta da hannu a ciki.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai, shi ne lafiya. A can cikin kunne akwai wani sashe mai naɗi, cikinsa da ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ya mutu ke nan, ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu man ɗigawa da zai dawo da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Ma'aunin da ta bayar a fili yake: babban mutum zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, in ya kai 90, awa 4 ne kacal a mako, in ya kai 100, kimanin minti 20. Ga yara kuwa ma'aunin 75 ne. Hedifon da yawa, in aka ƙure su, suna kaiwa 100 har su wuce. Yanzu ka lissafa yaron da ke zama daga bayan la'asar har a rufe shago, kullum, sauti a ƙure. Haƙƙin mako guda yake cinyewa kafin a kira magariba.

Kada wani ya ce ai wannan maganar masu jin waƙa ce. A watan Janairun 2024 mujallar BMJ Public Health ta fitar da wani nazari da ya tattara bincike 14 a kan mutane sama da 50,000, ya kuma nuna alaƙa tsakanin buga gem da raunin ji da kuma ƙugin kunne. A watan Maris na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ƙa'ida ta musamman a kan sauti a wasannin bidiyo. Da abin wasa ne da ba su ɓata lokacinsu ba.

Ga kuma abin takaici. Ɓarnar da ƙara ke yi takan fara ne daga sautukan da ke tsakanin hertz 3,000 zuwa 6,000, wato yankin siririn sauti, inda haruffa irin su "s" da "sh" da "f" suke, inda kuma kaifin takun sawu yake. Ma'ana, yaron da ke ƙure sauti don ya fi kowa jin abokin gaba, da hannunsa yake kashe sashen kunnen da ke jiyo masa shi. Bayan 'yan shekaru sai ya fara cewa mutane ba sa buɗe baki in suna magana, a majalisa kuma komai sai ya ce "Na'am?" In ka cire hedifon ka ji kunnenka yana ƙugi, ko ka ji kamar an toshe shi da auduga, kada ka ɗauka alamar kaya mai ƙarfi ce. Kunnenka ne ke kai ƙara.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba ƙarya ba ne: Legas gari ne mai hayaniya. Janareta na ruri a ƙofar shago, kwandastan danfo na ihu a titin Legas zuwa Abeokuta, maƙwabci ya saki lasifika, ga sauran 'yan wasa kowa na kururuwa. To amma maganin hayaniya shi ne a tare ta, ba a yi gasar ƙara da ita ba. Hedifon mai rufaffen baya, wanda soson kunnensa ke zagaye kunne ya rufe shi ruf, yana rage hayaniyar waje, sai ka ji komai tas da sauti kaɗan.

Ƙanwar waccan jita-jita ta ƙara ita ce lambar "7.1" da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali. Yaro ya ɗauka lasifika takwas ce a ciki. Kusan dukkansu lasifika biyu ce, sauran dabara ce ta manhaja. Kwamfuta mai Windows 10 ko 11 tana da irinta kyauta mai suna Windows Sonic, PlayStation 5 ma tana da tata, kuma suna aiki da kowane hedifon. Fitilun jiki kuwa kwalliya ce zalla, ko sauti ɗaya ba sa ƙarawa.

Gaskiya ne tsufa da wasu cututtuka da wasu magunguna da sakace da tsinke ma suna lalata ji, amma raunin jin da ƙara ke jawowa, wanda muke magana a kansa, shi ne wanda muke saya da kuɗinmu.

To yaya za a yi saye? Kafin ka bar gida, ka san abin da za ka jona shi da shi. Kan waya na milimita 3.5 iri biyu ne: mai zobe biyu sauti kawai yake kaiwa, mai zobe uku shi ne ke ɗauke da makirufo. Mai zobe uku zai yi aiki a waya da laftof da hannun PS4 ko PS5. Kwamfutar tebur kuwa galibi ramuka biyu gare ta, kore na sauti, ruwan hoda na makirufo, don haka sai ka haɗa da 'yar wayar da ke raba su gida biyu. Mutane da yawa sun mayar da kaya mai kyau suna faɗa wai makirufo ya mutu, alhali wannan 'yar wayar ce babu. In wayarka ba ta da ramin iyafis, nemi mahaɗin USB-C, kuma ka gwada shi a jikin wayarka kafin ka biya.

Bluetooth yana da daɗin yawo, amma yana jinkirta sauti, sau da yawa fiye da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A wasan harbi wannan ya isa a kwantar da kai kafin ka ji harbin. Da ka buɗe makirufonsa kuma ingancin sauti ya faɗi. PS4 da PS5 ma ba sa karɓar hedifon Bluetooth na gama-gari. In dole sai mara waya, nemi mai ɗan makullin USB da ke aiki a zangon 2.4GHz. Amma ga mai ƙaramin ƙarfi, a garin da wuta ke zuwa sanda ta ga dama, mai waya ya fi kwanciyar hankali: ba caji, ba jinkiri.

In ka isa kasuwa, kada ka bari mai kaya ya zaɓa maka abin gwaji. Ka jona da wayarka, ka sa sauti a rabi, ka kunna muryar mutum yana magana, labarai ko karatu, ka ji ko kalmomi na fita tas. Ka buɗe gem ɗinka ka ji ko dama da hagu sun rabu. Ka naɗi muryarka ka saurara a nan cikin hayaniyar kasuwar. In muryarka ta fito sama da ta jama'a, makirufon ya ci jarrabawa. Makirufo mai sanda da ke zuwa gefen baki ya fi wanda ke maƙale a jikin waya, kuma ka ajiye shi kamar faɗin yatsu biyu daga kusurwar baki don kada numfashinka ya dami abokan wasa. Ka duba ko yana da maɓallin kashe murya. Ka lanƙwasa wayar a gindin kai da inda ta shiga jikin hedifon, don nan take fara tsinkewa. Ka bar shi a kanka na 'yan mintuna: in ya matse ka tun a shago, a gida ciwon kai zai sa maka. Soson yadi ya fi na fatar roba jure zufar Legas, ita fatar ba ta daɗewa take fara saɓulewa.

Batun suna kuwa, HyperX da Logitech da Razer da JBL sanannu ne, kuma sanannen suna shi ake yi wa jabu. In farashi ya faɗi ƙasa warwas, ka tuna araha ba ta ado. Iyafis mai kyau na matsakaicin kuɗi ya fi ƙaton hedifon na bogi mai fitilu. A kasuwar akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa. Alamarsu ita ce shago tsayayye, rasit mai suna, da yarda ka gwada. Wanda ya tare ka a bakin titi ya ce "zo in kai ka" ba shi da adireshin da za ka koma. In na gwanjo za ka saya a kasuwar Katangowa, ka gwada sau biyu, ka kuma sauya soson. Tun 2017 gwamnatin jihar Legas ke maganar mayar da Computer Village can Katangowa, wato ƙofar gidanmu, don haka gara yaranmu su iya saye tun kafin kasuwar ta iso su.

Bayan saye sai amfani. Kada sauti ya wuce kashi 60 cikin 100. Duk bayan awa guda ka cire ka huta. In wanda ke kusa da kai yana jin abin da kake ji, ko sai ya ɗaga murya kafin ka amsa, ka rage. Cikin saitin gem ka sauke kiɗa, ka bar sautin wasa da murya. Kada ka tsallaka titi ko layin dogo na Agege da abu a kunne. Jirgi ba ya kaucewa kowa. Masu gidajen gem, ku ji tsoron Allah: hedifon ɗaya na yawo kan yara goma da zufarsu, ku riƙa goge shi, ku kuma daidaita sautin injinanku. Ku kuma samari, makirufo ba lasisin ashar ba ne. Wanda kake zagin uwarsa a intanet ɗan wani ne, kuma ba burgewa ba ce a yi ta kiran sallah, mahaifiyarka ta yi ta ƙwala maka kira, kai kana can ka toshe kunne.

Iyaye, ba na cewa ku fasa hedifon ko ku hana wasa, don hanin ba ya hanawa, ɓoyewa kawai yake koyarwa. Ku karɓa ku ɗora a kanku ku ji abin da yaron ke ji. In ku ba za ku iya jure shi minti ɗaya ba, shi ma bai kamata ya jure ba. Yaron da ke kukan ƙugin kunne, ko ya fara ƙure talabijin, a kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a LASUTH da ke Ikeja ko wani babban asibiti a auna jinsa, kada a tsaya ɗiga masa mai. Ji amana ce da za a tambaye mu a kanta, kuma abin da ya rage masa ana iya tsare shi in an farga da wuri. Allah Ya tsare mana lafiyarmu da ta 'ya'yanmu.